Saƙon da Mota Ta Karanta

Mai Kwali bai kashe muryar motarsa ba ranar da ya ɗauki baban yarinyar da yake so. Kuskuren ke nan.

Direba ne a kamfanin rarraba magunguna, siririn yaro mai yawan fara'a. Yarinyar ce ma ta raɗa masa sunan. Tana aiki a wani kantin magani a bakin titi. Ranar da ya fara kawo musu kaya, kwalaye sun rufe masa fuska, ya yi tuntuɓe da sikelin da ke bakin ƙofa.

"Kai Mai Kwali," in ji ta, "ido gare ka kuwa?"

Ya sauke kayan, ya dube ta, ya kasa ɗauke kai.

"Da dai ina da shi. Yanzu ban sani ba."

"To ka nemo shi kafin ka fasa mana maganin tari."

Daga ranar, ko babu kaya sai hanya ta biyo da shi. Yau ciwon kai, gobe mura. Ta ce in ya ci gaba da shan magani haka mutuwa zai yi. Ya ce ai ya riga ya samu nasa maganin, ba a kwalba yake ba. Tun daga nan yake ce mata Maganina.

Kamfaninsu ya sa wa motoci wata na'ura. Tana karanta wa direba labaran duniya, in imel ya shigo ta katse labaran ta karanta shi da muryar mace, murya lami, ba dariya ba kunya. Wai don kada direba ya riƙa duba waya. Ido dai yana kan titi. Hankali kuma ba wanda ya tambayi inda yake.

Muryar nan ta so ta raba su tun farko. Ɗan mai kantin, wanda ma'aikata ke kira Ɗan Oga, ya daɗe yana son yarinyar. Shi ya ce mata, "Direban nan naki da mace yake yawo. Fita ki ji da kunnenki."

Ta leƙa. Daga cikin motar ta ji mace na cewa, "Ina jiran ka, kada ka makara."

Ta daina amsa masa sallama. In ya kawo kaya sai ta shige bayan kanta. Da abin ya ishe shi, ya roƙe ta ta zo ta ga matar da idonta. Ta zo tana huci, ta buɗe ƙofa, ba kowa sai kwalaye. Muryar ta ce, "Farashin man fetur ya sake tashi."

"Ga ta nan," in ji shi. "Saƙon akawun ofis ta karanta ranar. Ƙato ne mai gemu."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Washegari yana kan hanya, labarai suka katse, muryar ta ce:

"Mai Kwalina, ka karya kumallo kuwa? Kada ka sha shayi a tsaye. Maganinka."

Shi ke nan abin ya zama jiki. Kullum da hantsi sai ta turo. Yakan wuce kwanar da zai shiga bai sani ba, yakan tsaya a danja har na baya su cika shi da hon. Bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Mai soyayya ba ya jin hon.

Baban yarinyar tsohon direban tirela ne. Da aka kai masa maganar, ya ce a'a.

"Na san direbobi, ni ma shi ne. Ba zan ba da 'yata ga mai kwana a titi ba. Ga ɗan mai kanti nan, yana zaune wuri guda."

"Baba, ba ya kwana a titi. Cikin gari yake."

"Titi titi ne."

Umma, mahaifiyarta, ta sa baki, yarinyar ta yi kuka, ta rame. Baba dai yana da wata ƙa'ida tasa. Ba ya tambayar mai neman 'yarsa dangi ko albashi, motarsa yake shiga. Yakan ce halin mutum a sitiyari yake fita: mai haƙuri, mai zalama, matsoraci, duk a nan ake gane su. Bai gaya wa kowa ba, wata safiya ya sa hula ya tafi harabar kamfanin.

"Kai ne Mai Kwali? Kai ni asibiti, zan auna hawan jini."

Yaron ya buɗe masa ƙofa. Ya gyara madubi, ya ɗaura bel, ya tashi mota a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Muryar tana ta labarai. Ya yi niyyar kashewa, sai ya tuna in ya kashe shiru ne zai rage tsakaninsa da tsohon, shirun kuwa ya fi ba shi tsoro. Ya bar ta.

Baba yana kallon ƙafarsa, yana kallon yadda yake sa giya. Da suka wuce shataletale har ya gyaɗa kai.

Sai labarai suka katse.

"Mai Kwalina, hasken idona. Jiya ban yi barci ba, murmushinka nake ta gani a silin."

Gumi ya keto wa yaron. Ya miƙa hannu yana laluben allon na'urar. Ba maɓalli ɗaya ba ne, sai an danna nan, a koma can.

"Baba kuwa bar ni da shi. Tsawa ce kawai gare shi, zuciyarsa auduga ce. Jiya na ji shi yana tambayar Umma ko kana da kirki."

Tsohon ya fashe da dariya. "Ja'ira! Bar ta ta ƙarasa, in ji."

Yaron bai ji ba. Kunya ta toshe masa kunne. Ya sauke ido kan allon. Da ya ɗago, wata tifa ta ci birki a gabansa. Ya murɗe sitiyari, ɓangaren da Baba yake ya daki ginshiƙin gada.

Shi kuwa yaron ƙwarzane kaɗan ya samu a goshi. Yana jan ƙofar Baba yana ihu, muryar kuwa ta koma kan labarai, tana faɗin yanayin gobe.

Likita bai ɓoye musu ba. Lakar Baba ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa sai yadda Allah ya yi. Umma ta zauna a kan bencin baranda ta rasa hawaye. Yarinyar ta wuce Mai Kwali a tsaye kamar ba ta san shi ba. Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa.

"Ni na rubuta. Da ban rubuta ba da yanzu Baba yana tafiya da ƙafarsa."

Ya amsa: "Ni na sauke ido. Ke ba ki san yana ciki ba. Ki tsane ni, Maganina, kada ki tsani kanki."

"Na kasa tsanar ka. Na kuma kasa kallon ka. Ya zan yi?"

"Ban sani ba."

Gaskiya ya faɗa. Babu abin yi. Kamfani ya sallame shi, ya ba wani direba motar da aka gyara, da muryar a ciki. Ya koma dako a wani sito. Ɗan Oga ya zo dubiya sau ɗaya da kwalin lemo, ya tsaya daga bakin ƙofa yana duba agogo, bai sake dawowa ba.

Aka sallamo Baba. Gidan duk mata ne, tsohon kuwa ƙato, ya fi ƙarfin Umma da 'yarta. Dole a ɗaga shi da safe, a kai shi banɗaki, a juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Mai Kwali yakan zo tun kafin ya tafi sito, ya tsaya a ƙofa. Umma ta rufe. Gobe ya dawo, ta rufe. Ranar da Baba ya zame musu daga gado ya faɗi tsakanin gado da bango, suka yi ta ja suka kasa, Umma da kanta ta buɗe ƙofar.

"Shigo," ta ce, ba ta dube shi ba.

Ya ɗaga tsohon. Ya mayar da shi kan gado. Haka aka ci gaba, safe da yamma. Ya koyi yi masa wanka, ya koyi canza shimfiɗa da mutum a kai. Yana matsa masa ƙafafun nan kullum, yana duban fuskarsa ko zai ga alamar ya ji. Tsohon bai taɓa ji ba. Yarinyar takan ajiye ruwan zafi a bakin ƙofa ta juya.

Wata rana yana goge masa baya, Baba ya ce, "Kai, wawa."

"Na'am, Baba."

"Tuƙinka ba laifi. Har na yanke shawarar ba ka ita tun a shataletale. Kunyar banza ce ta kashe mu. Don yarinya ta ce tana son ka, sai ka saki titi?"

Yaron ya kifa kai a gefen gado yana kuka.

"Daina jiƙa min zanin gado, kai za ka wanke. Kira min ita."

Ta shigo ta durƙusa.

"Ku biyun nan kuna yawo a gidana kamar gawa. Ƙafata ta tafi, ba za ta dawo don kun ƙi kallon juna ba. Kuma na gaji da baƙo yana ganin tsiraicina. In dai shi zai riƙa ɗaga ni, gara ya zama ɗana. Kina son sa har yanzu?"

"Baba..."

"Ba Baba na tambaye ki ba."

"Ina son sa."

"To dube shi."

Ta ɗago. Mai Kwali ya ce, "Maganina." Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, ba a san kuka take ko dariya ba.

Aka ɗaura aure ba wani taro mai yawa. Suka kama ɗaki a layin gidan don kada su yi nisa. Baba yana kan keken guragu cikin farar riga, ya haɗa hannayensu a kan cinyarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙai, ya tsare ku a hanya, ya sa ku tsufa tare da ƙafafunku."

Kowa ya ce amin. Umma ta share ido da gefen mayafi.

Da baƙi suka watse, amarya na jira a mota, ango ya naɗe hannun rigarsa ta aure, ya sunkuci surukinsa kamar jariri ya kai shi gado. Ya ɗauko ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ya jera su, ya ja bargo.

"Tafi wurin matarka," in ji Baba. "Gobe da safe kada ka makara, ba na iya riƙe fitsari."

Ya rayu shekaru bayan nan, ya ga jikoki, sun yi wasa a kan cinyarsa bai ji nauyinsu ba. Bai sake taka ƙasa ba har ya koma ga Allah.