Farin Labulen Pokuwa

"Wa ya mutu?"

Tambayar ta faɗo wa Pokuwa tare da hoton da aka dangwarar mata a kan tebur, har linzamin kwamfutarta ya faɗi ƙasa.

Ta ɗago a firgice. Mama Dufiye ce, uwar saurayinta Oduro, ɗankwali a hannu, ƙafa ko takalmi babu.

"Mama, sannu da zu..."

"Kada ki ƙara ce min Mama! Na ce wa ya mutu?"

Pokuwa ta kalli hoton.

Oduro ne, da murmushin nan nasa mai fito da wushirya. A bayansa kuwa labule ne ja wur, gefe da gefe baƙi ƙirin. Labulen makoki. Irin wanda ake sa wa wanda ya mutu da ƙuruciyarsa, a liƙa a bango da jikin motoci kafin Asabar ɗin jana'iza.

Kuma labulenta ne, ba ta da bakin musu.

Duk Asafo, layin masu buga takardu na Kumasi, babu wanda bai san labulen Pokuwa ba. Sauran masu zane daga intanet suke kwaso nasu, a sandare kamar kwali. Ita kuwa da hannunta take haɗawa. Ta ja layuka a allo, ta bi su da filtar da ke lanƙwasa su har su yi ninki-ninki irin na yadi, ta zuba inuwa a cikin kowane ninki, sannan ta ɗaure gefen hagu da igiya mai tuntu. Sai ka ga mutum ya kai hannu zai shafa. Ja da baƙi na wanda ya tafi da wuri ne, fari na biki ne da na tsohon da ya ga jikoki. Da wannan take ci take sha, don mutanenmu sai su manta da gaishe ka kana raye, amma fastar mutuwarka ba a yi mata rowa.

"Na rantse da Allah fari na yi!" in ji Pokuwa. "Fari da ruwan zinare, Mama... na ranar ƙwanƙwasa ƙofa ne. A falon Babana zan rataya..."

Lahadi mai zuwa dangin Oduro za su je gidansu da kwalaben giya, neman aurenta, kamar yadda al'ada take.

"Fari?" Mama Dufiye ta buga ƙirji. "Ni za ki gaya wa? Wannan labulen na gani a bayan Twumasi! Wannan tuntun! Wannan igiyar! Ɗaya bai ishe ki ba?"

Shagon Pokuwa ya riga ya cika da 'yan kallo.

Twumasi ɗanta ne na fari, direban babbar mota, hanyar Tamale ta cinye shi. Fastarsa ce ta kawo ƙanensa Oduro shagon nan, ido a kumbure, ya zauna yana kallon yarinyar da ke lanƙwasa labule a bayan yayansa. Daga ranar bai daina zuwa ba. Yanzu kuma shi ne ke jan motar, a kan wannan hanyar dai.

A bakin ƙofa Pokuwa ta hango Afrakoma, tana matse ido wai kuka take.

"Ni ma da na gani jikina ya mutu," in ji Afrakoma. "Yadda aka turo haka injin ya fitar. Na ce a'a, wannan sai uwa ta gani."

Afrakoma ce ke kan babban injin da duk layin ke tura wa aiki. 'Yar aminiyar Mama Dufiye ce ta coci, kuma tun suna yara take yi wa Oduro kallon nata ne. Nan take Pokuwa ta gane komai. Sauya launi ba wani aiki ba ne, ko wanda ya fara koyo jiya zai iya.

"Afrakoma... me na yi miki?"

"Ni? Ji min yarinya! Ni na zana?"

Mama Dufiye ta ɗauke hoton ta rungume a ƙirji, kamar wani zai ƙwace mata. Ta fita tana kiran sunan Twumasi.

*

Da yamma Oduro ya iso daga Tamale, ko wanka bai yi ba, ƙurar hanya har a gira.

Ta faɗa jikinsa tana kuka.

"Ba ni ba ce... Oduro, ba ni ba ce!"

"Na sani, zuciyata. Ya isa."

"Ta yaya zan so ka mutu? Wa zan aura, kwamfuta?"

Ya yi dariya duk da idonsa ya yi ja. "Kin ga? Ko a bayan jan labulen ma na yi kyau. Hannunki ne."

"Kar ka yi wasa da wannan!"

Ta toshe masa baki da tafinta. Ya sauke hannun nata a hankali.

"Gobe ki zo gidan Kawu Ntim da kwamfutarki," ya ce. "Ki nuna musu. Da zarar Mama ta gani da idonta, magana ta ƙare."

Haka ita ma ta zata, baiwar Allah.

*

Kawu Ntim yayan Mama Dufiye ne, kuma maganar auren ɗan ƙanwa a bakin kawu take. In bai ɗauki kwalba ba, babu mai ɗauka. Yana zaune a tsakar gida ya yafa zane a kafaɗa, Mama Dufiye na gefensa a kan kujera 'yar tsugune, Oduro na tsaye a gefe. Tun jiya ko ruwa ba ta sa a baki ba.

Pokuwa ta durƙusa ta gaishe su, ta buɗe kwamfutar a kan benci.

"Kawu, ga abin da na yi."

Hoton Oduro ya bayyana a allo, a gaban farin labule, zinare na sheƙi a gefe. Kai ka ce ɗan sarki ne.

"To, wannan kam fari ne," in ji Kawu. "Ya aka yi ya koma ja?"

"Hoton falle-falle ne, Kawu. Shi yana kan fallensa, labulen na kan nasa. Duk wanda ya samu, sai ya taɓa nan kawai..."

Ta ɗora yatsa, ta ja.

Farin ya rine. Ya yi ruwan hoda, ya yi ja, gefunan suka yi duhu. Oduro na nan yana murmushinsa, bai san abin da ke faruwa a bayansa ba.

"Kun gani? Haka ta yi! Ga shi zan mayar..."

"Tsaya."

Mama Dufiye ce. Ba ihu a wannan karon, muryarta a ƙasa take.

"Ashe labule ɗaya ne."

"Mama?"

"Na bikin da na makokin. Ashe ɗaya ne a wurinki. Yatsa ɗaya ne tsakani."

"A'a Mama, launi ne kawai..."

"Jiya a takarda na gani, na ce ko an yi min ƙarya. Yau a gabana kika yi, da hannunki, yana tsaye yana kallo."

"Mama, don Allah!" Oduro ya zube a gabanta. "Afrakoma ce fa! Ba ki ji ba ne?"

"Na ji. Afrakoma muguwa ce, ba za ta ƙara taka min gida ba. Ke kuma 'yar nan, na yarda ba ki da laifi."

Zuciyar Pokuwa ta yi tsalle.

"Amma ba zan iya ba. Duk ranar da ya hau motar nan yana mijinki, wannan zan riƙa gani."

"Zan goge shi! Ga shi, yanzu!" Pokuwa ta danna. Jan labulen da ya ciyar da ita shekaru ya ɓace. "Ba zan sake yin fastar makoki ba har abada. Zan koma sayar da tuwon dokunu, Mama, ko me kike so..."

"Kin goge a na'ura. Wa zai goge min a ido?"

Kawu Ntim ya gyara zanensa, ya kalli ƙasa.

"Ɗa ɗaya ya rage wa ƙanwata," ya ce. "Ba zan ɗauki kwalba ba."

*

Lahadi ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Baban Pokuwa ya ce shi ba ya ba da 'ya ga mutumin da ya zo shi kaɗai kamar daga sama ya faɗo.

A tashar manyan motoci Pokuwa da Oduro suka haɗu, ana yi wa motarsa lodi.

"Mu tafi Accra," in ji shi. "Mu ɗaura a kotu. In ta ga jika za ta huce."

"In kuma taya ta fashe maka a hanya fa?"

"Taya na fashe wa kowa!"

"Taka in ta fashe, ni ce."

"Pokuwa, ke ma? Ke da kika san launi ne kawai?"

Nan ne ta kasa riƙewa. Gaskiyar da take ɓoyewa ta fito.

"Na sani! Na sani, amma ina tsoro! Tun ranar da na ga hoton nan, in waya ta yi ƙara kana hanya, hanjina kaɗawa yake. Ni ma 'yar garin nan ce, Oduro... ni ma na gani!"

Ya riƙe hannayenta biyu.

"Ina sonki kamar raina."

"Ran ne nake so ya zauna. Koma wurin Mama."

Ta zare hannunta ta juya. Ya kira ta har muryarsa ta dushe, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya motar za ta shiga.

*

Shekaru suka tura. Afrakoma dai ba ta samu komai ba sai sunan muguwa, ta tattara ta bar layin. Pokuwa ta cika alkawarin da ba wanda ya karɓa, ba ta sake yin jan labule ba. Katin biki da na suna take yi. Manema sun zo, sun gaji, sun tafi.

Wata safiya inuwa ta tare mata hasken ƙofa.

"Sannu da aiki."

Ko a cikin kasuwar Kejetia ta ji muryar nan za ta gane. Ta ɗago.

Ya ƙara jiki, furfura ta ɗan fito. Wushiryar na nan. Farin zane mai ratsin baƙi ya yafa.

"Oduro..."

"Mama ta tafi. Cikin barci, da tsufanta."

"Wayyo Allah... Allah Ya ba ta hutu."

Ya ajiye hoton tsohuwar a kan tebur, daidai inda ta taɓa dangwarar da nasa.

"Kafin ta tafi ta ce ke za ki yi mata. Ta ce farin nan mai zinare da ta hana a rataya, shi take so a bayanta. Ta ce in gaya miki... ki yafe wa uwa mai tsoro."

Hawaye suka ɓalle wa Pokuwa. Ta buɗe baki, wani tsohon fata na tasowa a ranta, sai idonta ya sauka a kan yatsansa.

Zoben aure.

A waje wata mace ta leƙo ta tagar mota tana gyara ɗankwali.

"Kina da shi har yanzu?" ya tambaya a hankali.

Ta buɗe a kwamfutar. Farin labulen ya cika allo, zinaren bai dushe ba. A gabansa ga Oduro na da, saurayi, yana murmushi, yana jiran Lahadi.

Ya dafa tebur.

"Ba ki cire ni ba..."

"Ban iya ba."

"Ki bar ni a gefen Mama mana. Ko a nan ne."

"Ka san ba a sa mai rai a fastar makoki." Ta share ido da bayan hannu. "Ba zan sake ba Mama tsoro ba."

Ta ɗora yatsa a kan fallensa. Yatsa ɗaya. Ta danna.

Labulen ya rage shi kaɗai.

Ta jawo hoton Mama Dufiye ta daidaita shi a tsakiya, ta gyara inuwar kafaɗa.

"Ka dawo gobe," ta ce, ba ta ɗago ba. "Je ka, ana jiranka a mota."