Barmo Mai Tsaron Ƙofa

A can da, mutanen Tudun Gishiri suna bauta wa Ubangiji ɗaya. Cikinsu akwai 'yan tsiraru, uba ɗan tudu, uwa 'yar kogi. Barmo, mai tsaron ɗakin ibada, kullum sai ya tare musu ƙofa: "Ku tsaya waje, jininku gauraye ne."

Ran nan wata tsohuwarsu ta ce, "Malam Barmo, wa ya halicce mu?"

"Ubangiji mana."

"Shi ya ce ka hana mu?"

Barmo ya hura hanci. "Ku tsaya waje."

Sai ta shimfiɗa tabarmarta a waje. Na ciki suka ji kunya, suka fito ɗaya bayan ɗaya suka jeru kusa da ita. Barmo kuwa ya tsufa yana gadin ɗakin da ba kowa.