Kafar da Injiniya Ya Toshe

Ashana na fita saya. Abin da ya fitar da ni ke nan da yammacin ranar, 'yata Ni'ima goye a bayana, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa ta wajen ƙasar Binin. Murhun gas ɗin da mijina ya sayo na hannu daga Kwatano, an ce da kansa yake kunna wuta. Da ya iso gidanmu sai murhun ya manta yadda ake yi.

Mijin nawa, Badamasi, caja da gilashin waya yake sayarwa a Bagudo. Bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Ƙusa ma in ya buga, sai an nemi tsumman ɗaure yatsa. Amma ya kalli bidiyon waɗansu mutane a waya suna gyara kicin da hannunsu, kawai sai ya wayi gari injiniya. Ya ce madafin gidanmu abin kunya ne, hayaƙi ya cinye shi, ba zai iya shigo da abokansa su gani ba. Na ce su abokan tuwo suke zuwa ci ko bango suke zuwa lasa? Ya ce ƙauyanci ne ke damuna.

Madafin kuwa ya girme shi, ya girmi ubansa. Kakansa ne ya gina, kuma a kan hanya ya gina, hanyar da ba ta mutane ba. Kowa a ƙauyenmu ya san waɗancan bayin Allah suna gangarowa daga duwatsun Binin zuwa fadamarmu da faɗuwar rana, su ba ruwansu da iyaka, ba ruwansu da kwastan. Da aka gane kuskuren, sai aka yi sulhu. Aka bar kafa a bangon baya, tsayinta zuwa gwiwa, daidai saitin ƙofa. Su shiga ta ƙofa, su fita ta kafa. Matar gida ta sauke tukunya tun da rana, ta share tsakanin, ta fita sai an idar da magariba. Surukata Inna Dela ta riƙe wannan har ta rasu. Ranar da aka kawo ni, kafin ta nuna mini randa sai da ta nuna mini kafar.

Saboda haka da Injiniya ya fara jibge siminti da tayil a tsakar gida, abu ɗaya na roƙe shi.

"Malam, ka yi duk abin da kake so. Kafar Inna dai ka bar ta."

"Na ji, Tasallah, na ji. Wa zai taɓa maki ramin ɓerayenki?"

Ya sa kwaɗo a ƙofar, ya ce kada in leƙa sai ya gama, don in sha mamaki. Na koma girki a gindin dalbejiya. Makonni ina jin ƙwanƙwasa da tsaki da kukan mutumin da ya daki yatsansa. A cikin kwanakin nan kaji suka daina kwana a gidan. Da magariba sai warin laka ya cika tsakar gida, ga shi rani ne. Na yi masa magana, ya ce kwalbatin maƙwabta ne. Mu da ko kwata ba mu da ita a layinmu.

Ranar da ya gama, ya miƙo mini makulli da la'asar yana taku kamar wanda ya gina gadar Kwara. Ya ce in dafa shinkafa a kan gas, zai je Bagudo ya ɗauko abokansa su Lauwali su ga aiki. Sai da ya hau babur sannan ya tuna cewa murhun na son ashana.

A shagon Atiku na tarar da layi. Ko da na juyo, inuwa ta riga ta rufe lungu.

Wata mata na gani a ƙofar gidanmu. Doguwa, da ƙwarya a kanta, ta ba ni baya. Bakin zanenta a jiƙe yake, yana ɗiga. Na yi sallama ba ta amsa ba. Na ce a raina irin matan kasuwar Tsamiya ne da ba su jin Hausa. Na raɓa ta gefenta na shige. Wani sanyi ya taɓa mini kafaɗa, Ni'ima ta motsa a bayana.

Ni'ima ita kaɗai gare ni. Na yi shekaru ina jira kafin Allah ya ba ni ita, lokacin ko zama ba ta fara ba. Ba na wasa da abin da ya shafe ta. Niyyata in buɗe ƙofar madafin kawai, tunda lokacin wucewarsu ya yi, in ajiye ashana in fita.

Na buɗe kwaɗon.

Fari ko'ina. Tayil a ƙasa, tayil a bango, wani a miƙe wani a karkace. Warin fenti da ɗanyen siminti. Ga famfo da babu ruwan da zai zo ta cikinsa. Ga tukunyar gas a gefe, ko haɗa ta bai yi ba. Na duba bangon baya. Kabad ne jere daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Na ce ƙila a cikin kabad ɗin ya bar ta. Na taka da sauri, na durƙusa, na buɗe na tsakiya.

Bulo. An shafe shi da siminti, har da zanen yatsa: B.

Wawan har sa hannu ya yi.

Sai na ji takun farko a bayana. Taf. Tafin ƙafa jiƙaƙƙe a kan tayil.

Taf. Taf.

Na juyo a hankali. Babu kowa. Amma sawu na fitowa a kan farin tayil, na laka, ɗaya bayan ɗaya. Manya. Ƙanana. Wani mai jan ƙafa. Wani zagaye, na sanda. Suna shigowa ta ƙofa, suna zuwa bangon baya, suna tsayawa. Na baya na matsar na gaba. Warin fadama ya danne na fenti, da ƙarnin kifi, da wani ƙamshi na tsohuwar daddawa.

Na miƙe zan fita. Ƙofar ta ja kanta ta rufe. Ai Injiniya ya sa mata ƙarfen nan mai rufe ƙofa da kansa, irin na ofis. Na cafki mariƙin na murɗa, sai ya zare ya biyo hannuna da ƙusoshinsa.

A masallaci aka fara kiran salla. Can nesa nake jin sa, kamar daga cikin rijiya.

Ɗakin ya cika. Ban ga jikin kowa ba, amma ina jin numfashi a wuyana, ina jin gogar zane a ƙaurina. Ƙwarya ta gogi ƙwarya. Wani tsoho ya yi tari. Murfin tukwane ya fara kaɗawa a hankali.

A cikin tayil ɗin bango na gan ta. Matar ƙofar gida. Tana tsaye dab da bayana, ta sunkuyo don kada ƙwaryarta ta taɓa rufi. Fuskarta ba ta fito ba, tayil ɗin ya karkace a wurin.

"Wagga ta matar gidan?" Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar ruwa na bin ƙarƙashin ciyawa. "Dela ba ta hwaɗa maki ba?"

"Ta faɗa," na ce. "Ba ni na toshe ba."

Wani ya yi dariya ta hanci. Wani ya yi tsaki. Wallahi ko a cikin tsoron nan sai da na ji kunya, don raini ne zalla, irin wanda ake yi wa gidan da ba shi da babba.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Harshena na sarƙewa.

"Karanta," ta ce. "Mu ma mun iya. Ba mu munka ci amana ba."

Ni'ima ta tsala ihu.

Matar ta ci gaba: "Tun yaushe muke tsaye waje da kaya bisa kai. Mun shigo, kuma ba mu komawa baya. Ba a yi mu da komawa ba."

"Ku yi haƙuri. Maigidan na zuwa, zai buɗe."

"Wanga mai zane bisa bango?" Ta ja tsaki mai tsawo. "Bar shi. Akwai ƙohwa guda nan ciki da ba a liƙe ba."

Ban gane ba. Sai na ga hannunta a cikin tayil, dogo, yana sauka ta kan kafaɗata. Ya wuce kunnena. Ya ture hular Ni'ima.

Maɗigarta.

Wurin nan mai laushi a tsakar kai, da nake shafa wa mai kullum, yana bugawa a hankali.

Kukan yarinyar ya tsaya cak.

Ba shiru na barci ba. Na ji jikinta ya saki a bayana, ya yi nauyi, ya yi sanyi. Sawun da ke ƙasa suka fara juyowa. Duk suka fuskance ni. Suna jeruwa.

Ban san lokacin da na ɗauki tukunyar gas ba. A sauran ranaku, da kyar nake jan ta. Na rungume ta, na durƙusa gaban kabad, na ce bismillahi na maka.

Ƙofar kabad da na bari a buɗe ta tsage.

Na sake makawa. Harafin ya fashe biyu.

"Na fari ya matso," in ji matar.

Na uku na haɗa da ihu. Bulon ya burme gaba ɗaya, ya zube waje kamar busasshen tuwo. Yashi ne kusan zalla. Hasken magariba ya shigo ta kafar, ja, da ƙurar siminti a cikinsa.

Na faɗa gefe, na manne da bango, na juyo da Ni'ima ƙirjina na rufe kanta da tafin hannu.

Suka fara wucewa.

Iska mai sanyi a daidai gwiwa. Taf, taf, taf. Ƙwarya, sanda, jan ƙafa. Wata ta bangaje ni da gangan. Sun daɗe suna fita, har na daina jin ƙafafuna. Warin ya riƙa raguwa.

Sawu biyu suka rage a gabana.

"Ki share hanya gobe," ta ce. "Ɗiyar kuwa, na riga na taɓa."

Sawun suka juya, suka bi kafar.

Ni'ima ta ja numfashi da ƙarfi, ta fashe da kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Na zauna cikin laka da fasassun tayil ina kuka tare da ita, ina ba ta nono.

A haka suka same mu. Lauwali ne ya banke ƙofar da kafaɗa. Badamasi ya shigo da fitilar waya, ya haska ni, ya haska yarinyar, ya haska lakar da ta rufe ƙasa. Sannan ya haska bango.

"Innalillahi! Tasallah, kabad ɗina!"

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan. Na dube shi daga hula har takalmi. Lauwali ne ya tsuguna yana duban sawun, ya ɗora tafinsa kusa da ɗaya, ya ga ya ninka shi. Ya miƙe ya ce yana da uzuri a gida. Sauran ma duk suka tuna da nasu uzurin.

Washegari Injiniya ya ce ai kafar za a iya sa mata ɗan murfi mai kyau, ya gani a waya. Na ce ya sa, amma ya fara rubuta mini takardata. Bai sa ba. Ya cire ƙarfen ƙofa da hannunsa, ya sake dukan yatsa. Yanzu in rana ta yi ja, mutumin nan da ya ce ƙauyanci ke damuna shi ne na farkon zama a masallaci, kuma sai an yi isha'i yake tuna hanyar gida.

Ni kuwa ina sauke tukunya da wuri, in share tsakanin ƙofa da kafa, in fita.

Ni'ima ta girma, ta shiga makarantar allo, lafiyarta lau. Sai dai maɗigarta ba ta rufe ba. Mun je asibiti a Birnin Kebbi, sun duba, sun yi hoto, sun ce mu dawo. Malamai sun yi rubutu ta sha. Wurin yana nan da laushinsa, ina rufe mata shi da kitso da ɗankwali.

Da magariba nakan zaunar da ita a cinyata a ƙofar ɗaki, in ɗora tafina a tsakar kanta har a idar da salla. Wurin yakan yi sanyi, ya riƙa bugawa da sauri. Ita kuma tana kallon madafi, tana bin wani abu da ido daga ƙofa zuwa bango.

Rannan ta ɗago ta dube ni.

"Inna, ki danne da kyau," ta ce. "Yau doguwar ta tsaya."