Ajiyar Kan Dutse

Ranar da Zubaida ta fara ganin Munir, maraƙin da ya ɓata ta hau dutse nema. Sai ta tarar da saurayi a durƙushe, ya cusa hannu cikin tsagar dutse, ɗaya hannun riƙe da waya.

Da wata ce, da ta juya ta yi gida. Amma Zubaida Allah ya yi ta da son sanin ƙwaƙwaf. Tun tana ƙarama a rugarsu da ke bayan Doguwa ba ta wuce tukunya a rufe sai ta leƙa, karatun jinyar da ta je birni ta yi kuma bai rage mata komai ba.

"Malam, akwai macizai a irin wannan tsagar fa," ta ce bayan sallama.

Ya zare hannu da saurin da ya ba ta dariya. Ƙaramar roba ce mai murfi ya fito da ita.

"Mene ne wannan?"

"Ajiyata ce. Sunana Munir, daga Bebeji, awon filaye nake yi. Wasa ne da ake yi a duniya. Mutum zai zaɓi wuri mai kyan gani ya ɓoye roba, ya sa lambobin wurin a intanet, masu yawon buɗe ido su biyo da waya har su samo. Wasu a bakin teku suke, wasu a kan duwatsun ƙanƙara. Ni ina da ɗaya a bakin tafkin Bagauda, ga wannan."

"Wa zai taso takanas ya zo dutsenmu?"

"Juya ki duba."

Ta juya. Kwarin ya yi kore shar, damina ta kankama, fararen shanun babanta sun bazu a gefen rafi. Ta hau dutsen nan ya fi sau ɗari, ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba.

A cikin robar akwai ɗan littafi da biro, da wuri guda irin na kuɗin da, da jan zare, da maɓallin riga. Munir ya ce dokar ɗaya ce: ka rubuta sunanka, in ka ɗauki abu ka bar wani a madadinsa. Zubaida ta rubuta sunanta, ta ɗauki maɓallin, ta ciro murjani ɗaya daga kitsonta ta jefa. A nan ya karɓi lambarta, wai don ya riƙa faɗa mata idan baƙi sun zo. Maraƙin kuwa shi ya kai kansa gida.

Ba a yi sati ba saƙo ya shigo: "Tsintuwata, shekara uku ina nemo ajiyar mutane, ban taɓa samun wadda ta yi mini sallama ba sai ke."

Ta amsa: "Ɗan taswira, ka ji da macizai tukuna."

Wata uku suna haka, har ya fara zuwa zance. Zubaida ta so shi, so na gaske, ba ta kuma ɓoye wa Inna, mahaifiyarta, ba.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Abdulganiyu, ɗan wan babanta, wanda ya daɗe yana ganin Zubaida tasa ce, bai dai taɓa furtawa ba. Wata rana ya bi sawun Munir zuwa dutse, ya jira ya tafi, ya buɗe robar. Da gudu ya sauko wurin mahaifinta, Malam Mainasara, mai shanu kuma mai koyar da Alƙur'ani.

"Baffa, ga sunan Zubaida a takarda, ga murjanin kanta, ga wuri da jan zare, an ɓoye a ƙarƙashin dutse. Me ya rage?"

Gaskiya ko wa aka lissafa wa waɗannan kaya, asiri zai ce. Malam ya kira ta.

"Yaron nan kada ya sake tako mini ruga. Ba na ba da 'yata ga mai bin bokaye."

"Baffa, wasa ne, ni na sa murjanin da hannuna."

"Ai haka wanda aka yi wa yake cewa."

Maganar ta tsaya mata a rai. Kwana biyu ba ta iya cin abinci, har ta fara tambayar kanta ko dai wannan tunanin nasa da ba ya barinta yana da wani dalili. Ta tura masa: "Munir, don Allah faɗa mini gaskiya. Me ke cikin robar nan ban da abin da na gani?"

Amsa ta zo nan take: "Babu komai, Tsintuwata. Ba zan taɓa ta ba, kada a ce na sauya wani abu. Ki roƙi Baffa ya buɗe da kansa. In ya ga abin da Allah ya hana, na haƙura da ke, ko da ban san yadda zan yi ba."

Inna ce ta shawo kan Malam. Ya ce zai je, amma don ya warware abin ya ƙona. Da hantsi suka hau su uku, har da Abdulganiyu. Malam ya tofa addu'o'i kafin ya murɗe murfin da bakin rigarsa. Ya jujjuya jan zaren, bai ga ƙulli ko ɗaya ba. Ya buɗe littafin, ya ga sunaye cike da shafi huɗu.

"Duk waɗannan aka yi wa?"

"Baƙi ne, Baffa."

"Karanta mini."

Ta karanta. Wasu ɗalibai daga Zariya sun ce sun ɓata sau biyu kafin su samo. Wata Muhsina daga Jos ta ce ita ta saka wurin nan a cikin robar, kakarta ce ta ba ta. Wani Jamilu ya rubuta: "Ban san masu fararen shanun nan na ƙasa ba, amma Allah ya yi wa garkensu albarka."

Malam ya leƙa kwarin, ya daɗe yana kallon shanunsa. Sai tambayoyi suka ɓarke: yaya waya ke gane dutse ɗaya cikin dubu? Me ke hana mutane kwashe kayan duka? Zubaida ta faɗa masa dokar. A ranar ta gane inda ta gado halinta.

Ya mayar da robar, ya sauka. Abdulganiyu ya biyo baya kansa a ƙasa.

Kwana tara Malam bai ɗaga maganar ba. Zubaida ta rame da jira, don shirun Baffa yakan zama a'a. A na goma da safe ta ga ya ɗauki sandarsa ya nufi dutse shi kaɗai. Da ya dawo ya ce, "Gaya wa mai robar nan ya je ya duba ajiyarsa."

Da la'asar saƙo ya shigo da hoton shafin littafin, rubutun ajami ne na Baffa. Munir ya rubuta a ƙasa: "Na karanta sau biyar. Karanta ki gaya mini ko idona ne."

Ta karanta: "Mainasara ya zo, ya gani. Na ɗauki murjanin 'yata, don ba ya zama a daji. An ce in an ɗauka a bar wani abu. Na bar maka izini, ka turo magabatanka."

Ta zauna a kan turmi ta yi kukan daɗi, Inna na mata tsiya.

Bayan girbi aka ɗaura aure, Abdulganiyu ne ma ya raba goro. Da za a tafi da amarya Bebeji, Malam ya kira su biyun, ya ciro murjanin daga aljihu ya sa a tafin Munir.

"Wannan ajiyar ba ta ɗauka a musanya ba ce. Ka riƙe ta amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Munir ya durƙusa ya ce amin. Zubaida ma ta ce amin daga cikin mayafi.