Ruwan Zafin da Ba a Surka Ba

Magariba ta doso, irin lokacin nan da haske ke janyewa daga tagar kicin a hankali, ba a kunna fitila ba tukuna amma mutum ya fara laluben cokali. Gidan na mutum uku ne: mai gyaran kayan lantarki, da matarsa ma'aikaciyar jinya, da 'yarsu tilo da ake kira Kyauta, don sun daɗe suna roƙo kafin Allah ya ba su ita. Yarinyar na zaune a bakin tebur tana aikin makaranta. A gefenta injin wanke kwanuka na ta gurnani.

Injin nan wani ne ya kawo wa uban gyara, ya gaji da jira, ya ce ya bar masa. Shi kuwa ya zauna a kansa har ya tashi, ya ɗauko shi ya girke a kicin. Ni dai a ganina faranti uku da tukunya ɗaya ba su kai a tayar musu da inji ba. Sai an tara na safe da na rana da na jiya kafin cikinsa ya cika, kwanuka na zaune da maiƙo suna jiran 'yan'uwansu. Amma bawan Allah yana da hujja. Matarsa wuni take tana wanke hannu a asibiti, sabulu ya cinye mata fata, yatsunta duk sun tsattsage, in ta taɓa ruwan wanke-wanke sai ta cije leɓe. Tausayi ne ya sa shi, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

"Ke da soso kun rabu, Maman Kyauta," in ji shi ranar da ya haɗa. "Na sallame shi."

"Da kai ka karɓi soson ai da ba a kai ga haka ba," ta ce tana dariya.

"Ni da wanke-wanke? Ki bari kawai."

A wannan yammacin injin ya yi shiru, sannan ya tuttulo ruwansa cikin bututu, tururi na tashi ta ramin wurin wanke-wanke. Sai aka ji kuka daga ƙasa. Siriri ne, gajere, kamar na jariri da aka toshe wa baki da sauri. Kyauta ta ajiye biro.

"Umma, kin ji?"

"Mage ce a bayan gida. Yi aikinki."

Amma uwar ta tsaya da wuƙa a hannu, ba ta ci gaba da yankan albasar ba. Wadda ta yi aiki a ɗakin yara ta san kukan mage, ta san na ɗan da ya ji ciwo.

Daga ranar gidan ya canza. In aka buɗe injin da safe sai a tarar da farantan an shafe su da baƙin taɓo mai warin magudana. Uban ya kwance shi, ya duba, ya mayar, bai ga komai ba. Ya ce datti ne ke dawowa ta bututu. Aka koma kunna shi, don mutum in ya gyara abu da hannunsa ba ya son a ce masa shi ne matsalar. Sai jifa ta fara. Da rana ta faɗi, kofi zai taso daga kan kantar kicin ya bugi bango, cokula su zube ƙasa babu wanda ya taɓa su. Suna zaune a falo su ji ana goge faranti a kicin, ƙyas, ƙyas, su leƙa, babu kowa, famfo na zuba.

Sannan abin ya koma kan yarinyar.

Uwar ta dawo daga aiki wata magariba ta same ta tsaye a wurin wanke-wanke, cikin duhu, tana cuɗa faranti guda. Farantin fes yake. Ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Ta kama kafaɗarta, ta ji kamar ta kama ginshiƙi. Da ta janyo hannuwan cikin haske, sai ta ga sun yi ja, sun tashi ƙuraje masu ruwa tun daga yatsu har wuyan hannu. Ta sa nata hannun a famfo. Ruwan sanyi ƙalau.

Aka je asibiti, aka ce ƙuna ce, aka tambayi uwar da me yarinyar ta ƙone, ta ce wa abokan aikinta ba ta sani ba. Ta naɗe hannuwan da kanta, yadda take naɗe wa 'ya'yan mutane. Da safe ƙurajen su yi kamar za su kame, da yamma sababbi su fito, kuma kullum suna ƙara hawa sama. Suka wuce gwiwar hannu. Kyauta ta daina cin abinci, ta daina magana. Rana na yin ja za ta miƙe ta nufi kicin, ko an kulle ƙofa sai a same ta a ciki. Uban ya cire wayar injin daga bango. Da magariba injin ya kunna kansa.

Ranar ce matar ta zauna a ƙasan kicin, ta rungume ƙafafun 'yarta, ta ɗago ta dubi mijin.

"Baban Kyauta, ita kaɗai gare ni. Ciwon ya kai kafaɗa. In ya kai wuya fa?"

Ya ɗauki makulli ya fita.

Ya dawo da wani malami dattijo, mai karantarwa a masallacin unguwa, wanda aka san shi da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Malam bai tambayi labari mai tsawo ba. Ya ce a shimfiɗa tabarma a kicin, a zaunar da yarinyar, uwar ta riƙe ta ta baya. Ya yi alwala, ya zauna, ya fara karatu a hankali. Hasken taga na ƙarewa. Can yarinyar ta fara rawar jiki, kanta ya sunkuya, numfashinta ya yi nauyi. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ta babbar mace ce, dusasshiya, irin ta wadda ta yi kuka har ta gaji.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma an riga an ƙona mu."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. 'Yata ma ba ta yi wa kowa komai ba. A ƙarƙashin magudanar nan muke tun kafin su tare. Ba mu taɓa ɗaukar musu ko allura ba. Matar nan in za ta zubar da ruwan zafi sai ta surka shi da na sanyi, ta yi bismilla, mu ji, in kwashe yarana. Da haka muka zauna lafiya. Sai aka kawo wannan abin."

Uban ya matso. "Wallahi ina bismilla duk lokacin da zan kunna shi."

"Kana yi, ka danna, ka tafi falo. Mu kauce, mu jira, babu ruwa. Yara su koma wasa. Sai can ya sako shi, tafasasshe, da wani gari mai cin fata. Ya yi shiru mu ce ya gama, ya sake sakowa. Ƙaramata tana rarrafe a bakin bututu. Hannu biyu ta sa ta kare fuskarta."

Uwar ta sa goshinta a bayan 'yarta, hawaye na zuba.

"Ba da sani aka yi ba," in ji Malam. "Wanda bai sani ba ba a rama a kansa, ke ma kin san wannan. Ki fita."

"A ba ni yarinyar nan ta yi wa tawa jinya. Ko a yanka mini dabba a bakin magudana."

"Ba za a ba ki mutum ba, ba za a ba ki jini ba. Yanka na Allah ne shi kaɗai. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu har ki ƙone, 'yarki ta rasa mai kula da ita." Ya buɗe baki zai fara.

"Malam, dakata," in ji uwar. Ta leƙo ta dubi fuskar 'yarta, ta yi wa wadda ke ciki magana kamar yadda take yi wa iyaye a bakin gadon asibiti. "Baiwar Allah, ƙunar ta fashe?"

Muryar ta amsa, "Ta fashe."

"Kar ki ɓare fatar. Ki bar ta a rufe da abu mai tsabta, ki yawaita ba ta ruwa. Ki yi haƙuri. Na san abin da kike gani in kin kalle ta, shi nake gani. Ki bar mini tawa."



"Kar ruwan zafi ya sake sauka ta nan," muryar ta ce, ta yi laushi. "Ko an surka, ko an yi bismilla. Ko ɗuminsa 'yata ta ji firgita take. Har sai ta warke."

"Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne, babu laifi a cikinsa," in ji Malam. "Amma alkawari ne. Wa zai ɗauka?"

"Ni," in ji uwar. "Da hannu zan wanke, da ruwan sanyi."

"Da waɗannan hannuwan?" Uban ya durƙusa a bakin tabarmar. "Ni na kawo shi, ni zan wanke. Zuwa yaushe?"

"Ciwonmu ba ya saurin warkewa kamar naku. In ta warke zan sanar da kai."

"Na ɗauka."

Malam ya sa ta rantse da Allah ba za ta dawo jikin yarinyar ba, ta rantse. Ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafa. Ƙafar ta yi karkarwa, ta miƙe, ta saki. Kyauta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta dubi mutanen da ke kanta.

"Umma, yunwa nake ji."

A daren aka fitar da injin. Ƙurajen suka bushe, suka bar ɗan tabo a bayan hannun dama. Uban ya koyi wanke-wanke da girmansa, ya fasa farantai ba adadi kafin hannunsa ya faɗa, ya gane maiƙo ba ya fita da ruwan sanyi sai an goge shi da takarda tukuna. In an dafa abu, ruwan zafin a bokiti yake barinsa ya huce kafin ya zubar.

Kyauta ta girma, ta gama makaranta, tana aiki a wani gari. Kwanan baya ta zo hutu ta tarar da shi a kicin da magariba, gashinsa ya yi fari, sanyi ya sa yatsunsa sun ƙage.

"Baba, ai zuwa yanzu 'yar aljanar nan ta warke. Ko dai ku tashi daga gidan nan ku huta."

Ya ɗauraye kofin da ke hannunsa, ya kife shi.

"In mun tashi, wanda zai shigo bai san da ita ba," ya ce. "Miƙo mini tukunyar can."