Mai Fenti da Kuɗin Aikinsa

Koren fenti ne a bayan kunnen Abdulfattah Bara'atu ta fara lura da shi. Ta dawo daga jami'a a Zariya, tana taya mahaifiyarta tsaron shagon ɗinki a Birnin Gwari, shi kuma yana kan tsani yana rubuta musu allon shago.

A gefen allon ya ƙara wata kuka mai rassa a karkace. Gabanta ya faɗi, don irinta ce a bakin Damari, ƙauyen da suka baro shekarar da noma ya gagara saboda 'yan bindiga.

"Malam, ina sunanka a jikin allon?" ta tambaya, idonta a ƙasa.

"Suna kuma? Ai kunya nake ji."

"To wanda ya gani ya yaba, a ina zai same ka?"

Daga nan ta zama malamarsa. Ta koya masa ɗaukar hoton kowane aiki ya ɗora a waya, da sa lambarsa a ƙasan allo. Abu ɗaya ya gagare shi: faɗin kuɗin aiki. Ko wa ya tambaya, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ba da abin da ya sawwaƙa."

Da ya turo magabatansa, mahaifinta Malam Jumare ya girgiza kai.

"Na bincika. Yaron kirki ne, amma rabin aikinsa godiya ake biyansa da ita. Godiya za ki dafa? Ga Bature mai shagon taki yana ta aike."

Kwanaki ta daina ɗaga waya, Abdulfattah ya zaci Bature ya yi nasara. Ya rubuto:

"Malamata, in kin zaɓi mai taki ba zan ga laifinki ba. Amma wa zai riƙa yi mini faɗa?"

Ta share hawaye ta mayar: "Mai fentina, ba wanda na zaɓa sai kai. Ka daina raina hannunka. Ko waye ya zo, ka faɗi kuɗinka kafin ka buɗe gwangwani."

Wata safiya sai ga Malam Jumare a rumfarsa. Abdulfattah ya durƙusa har ƙasa.

"Tashi, aiki na kawo. Zanen gidana na Damari nake so."

Ya zauna a benci yana kwatantawa: rumbu biyu a hagu, rijiya ƙarƙashin mangwaro, dawa ta yi kai a bayan katanga, duhun daji can nesa. Muryarsa ta yi rauni da ya zo kan ɗakin da aka haifi Bara'atu.

"Nawa za ka yi mini?"

Abdulfattah ya sosa ƙeya. Ina aka taɓa yi wa suruki kuɗi? Bakinsa har ya ɗauko "kyauta", sai ya haɗiye. Kansa a sunkuye ya faɗi kuɗin, ya ƙara da cewa, "Kuma Baba... ana ba da kafin alƙalami."

Dattijon ya ɗaga gira. "Ni ma?"

"Kowa da kowa, Baba. A gafarce ni."

Malam Jumare ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

"Da ka ce kyauta, da Bature zai aure ta. Wanda ya iya tambayata haƙƙinsa ba zai bar 'yata da yunwa ba. Sake turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da yamma aka kawo amarya ɗakin mahaifinta don nasiha, mata na ta addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Zanen Damari na rataye a bango.

Kowa yana jiran nasihar Malam Jumare. Ya dubi gidan da ke zanen, ya dubi 'yarsa cikin lulluɓi. Ya dafa kanta ya daɗe, sannan ya zura takalmansa ya fita.