Wa Zai Juya Inna Talatu?

Magariba ta kawo kai a unguwar Sabo ta Ibadan, ladanai suna karɓar kiran salla daga bakin juna, Murja na tsugune a tsakar gida tana tace awara. Ranar ba ta fi sauran ranaku da komai ba. Masu okada suna ta hon a hanyar Mokola, janareton maƙwabta ya fara tari, ƙamshin tsire ya biyo iska. A lokacin ne mijinta Zubair ya dawo daga Kasuwar Shasha da labarin da ita da kanta ta daɗe tana tura shi ya nemo.

"An samu gado a gidan tsofaffi na gwamnati," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ranar Litinin za su karɓe ta."

Wadda za a karɓa ɗin mahaifiyarsa ce, Inna Talatu. Tun da hawan jini ya kayar da ita, ya shanye mata ɓarin jiki, ya tafi da harshenta, komai nata ya dawo wuyan Murja: wanka, wanki, ɗura kunu, kwashe abin da ba a faɗa. Asibiti kuwa kada a tona. A ɗora tsohuwa a keke tun da duku-duku, a bi layin kati, a bi layin likita, sai an kai gaba a ce yau yajin aiki ake, ko babu gado, a dawo wani watan. Dangi kuma daga bakin ƙofa suke jefo "sannu da ƙoƙari" su wuce. Abu ɗaya ne ya taɓa faranta mata rai a can. Wata nos ta ɗaga rigar Inna, ta ga bayanta sumul babu gyambon kwanciya, ta ce lallai ana juya tsohuwar nan dare da rana yadda ya kamata. Murja ta karɓi yabon, ko da yake ta san idan ta kwanta ba ta ƙara sanin inda take sai asuba.

Ta gaji, gajiyar da ta kai ƙashi. Ta san matan unguwa za su yi da ita, a ce ta kai surukarta gidan marasa gata. Ta ce su yi, ai baki ba ya wanke zanin fitsari.

Ba ta kai ga amsa wa mijinta ba, dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Wani ya biyo, wani ya biyo. Zubair ya fita da sanda yana zagin yaran layi, ya dawo bai ga kowa ba. Wanda ya faɗo kusa da tukunya Murja ta ɗauka, ta yar da sauri. Da ɗumi a jikinsa, kamar yanzu aka sake shi daga hannu.

Daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Da rana ta yi ja, sai jifa ta fara, kuma ba ta sauka ko'ina sai saitin ɗakin Murja. Idan ta lafa, sai a ji magana a ɗakin Inna, ƙasa-ƙasa, irin hirar tsofaffi biyu da suka daɗe da sanin juna. A leƙa, a tarar da tsohuwa ita kaɗai, idonta a lungun bayan randa. Murja ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Awara ta ƙone mata, ta zuba gishiri a kunu, motsin kyanwa ma sai ya faɗar mata da gaba. Duk da haka ta dage. Ta ce ko duwatsun Ibadan duka za su ƙare a kanta, Litinin tana nan.

Ranar Lahadi da yamma ta shiga haɗa kayan Inna, babbar 'yarta Khairunnisa na taya ta.

"Mama, abeg, har wannan zanin za a saka? O ti gbo jare, duk ya mutu."

Maganarta ta ƙarshe ke nan da muryarta. Zanin ya suɓuce daga hannunta. Bayanta ya ranƙwafa a hankali, ta ja ƙafa zuwa ƙofar ɗakin, ta zauna ta tokare ta da ƙafafu. Yarinyar da ba ta iya ƙarasa zance ba tare da ta tsoma Yarbanci ba, sai ga ta da muryar tsoho da tsantsar Hausar mutanen da.

"Babu mai fita da ita."

Murja ta ƙwalla ƙara. Zubair ya yi waje ba takalmi, ya dawo da Malam Babandi, mai ruƙiyyar da ke bayan masallaci, dattijo marar gaggawa. Malam ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, har janareton maƙwabta ya ɗauke. Jikin Khairunnisa ya hau ɓari, gumi na tsatstsafo mata, amma ba ta janye ƙafa ba.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabci. Haka Talatu take ce mini. Musulmi ne ni, Malam, sassauta."

"Musulmi ya shiga jikin 'yar mutane? Wannan zalunci ne."

"Na sani. Bakin Talatu ya mutu, ni kuma ba ni da baki sai na aro. Na yi jifa, ba su ji ba."

"Mene ne tsakaninka da ita?"

"Maƙwabtaka. Ta same ni a bayan randar can tun tana amarya. Ba ta taɓa watsa ruwan zafi ba sai ta ce a gafara. Da za su shafe lungun da siminti, ita ta hana. Yanzu ta kwanta. Wa kuke tsammani yake juya ta idan kun yi barci?"

Murja ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa. Kunya ta kama ta, da haushi, da wani tsoro da ya fi na duwatsu.

Malam ya ce, "Allah ya saka maka. Amma ka ƙetare iyaka. Za ka bar yarinyar, kuma za ka bar gidan."

"Zan bari. Ni ma na tsufa, ƙarfina ya ƙare, nawa sun daɗe suna kirana can bayan gari. Sharaɗina ɗaya ne. A bar ta ta mutu a ɗakinta, kuma a gaya mini wanda zai juya ta."

Zubair ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Murja ta dubi 'yarta, leɓenta ya bushe, idonta ya juye. Ta san abin da kalmar za ta ci mata, barcin nan ne da shi kaɗai ya rage mata a duniya. Ba don son Inna ta buɗe baki ba, gaskiya ɗaya ce.

"Ni," ta ce. "Sakar mini 'yata."

"Rantse," in ji muryar tsohon.

"Ba a rantse wa aljani," in ji Malam. "Allah ya ji ta, ya isa. Fita."

Yarinyar ta juya kai ta dubi cikin ɗakin. "Talatu, mu kwana nan. Ki yafe ni." Sai ta yi atishawa mai ƙarfi ta zube. Da ta farka, muryarta ce, tana kuka tana tambayar me ya faru.

Bayan an sallami Malam, an kwantar da Khairunnisa, Murja ta shiga ɗakin. Inna Talatu na kallon lungun randa, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye. Murja ta share mata da bakin zani. Ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗarta ta ɗaga, ta kasa. Ta sake gwadawa, bayanta ya amsa. Ta leƙa waje, ta hango mijinta a kan tabarma yana danna waya.

"Baban Khairu, taso."

"Yanzu? Gobe fa ina da lodi a Shasha."

"Ni don 'yata na ce ni. Wannan kuwa uwarka ce. Oya, zo ka kama."

Ya shigo yana raɓe-raɓe kamar baƙo. Tun da Inna ta kwanta bai taɓa sa mata hannu ba, iyakarsa gaisuwa daga bakin ƙofa. Ya durƙusa ya tallabo ta, ya ji yadda ƙasusuwanta suka fito.

"Inna," ya ce. "Haka kika koma?"

"Riƙe kanta da kyau," in ji Murja. "Anjima ma kai zan tasa."